Masu Wa'azin Keto, Ina Takardar Gwajin Jininku?

Makalar wannan makon a kaina ta faɗo, kuma na san tun daga kanunta wasu za su ce me ya kai wannan yaron gonar likitoci. Ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, sannan a yanke mini hukunci. Abu ne ya taɓa gidanmu, da na waiwaya kuma sai na ga ba gidanmu kaɗai ya taɓa ba.

Ina da yaya mace, uwa ɗaya uba ɗaya, shekarunta talatin da shida, 'ya'yanta uku. Ba wata ƙiba ce da ita ta a-zo-a-gani ba, teɓa ce irin wadda haihuwa take bar wa mace. Bayan ƙaramar Sallah wata ƙawarta ta jefa ta cikin wani rukunin WhatsApp na masu rage ƙiba. Ta biya kuɗin shiga, aka turo mata jadawalin abinci. Babu tuwo, babu shinkafa, babu taliya, babu wake, babu fura, hatta ayaba da mangwaro an haramta. Abin da aka halatta mata shi ne ƙwai, nama da kitsensa, fatar kaza, ganda, man shanu, man kwakwa, da wani tuwon kabeji da yaranta suka raɗa wa suna "tuwon haƙuri". Da safe kofi ne da cokali biyu na man shanu a ciki. Sunan tsarin keto.

Cikin wata uku ta sauke kilo tara. Tela ya samu aiki, don sai da aka rage mata riguna. Aka haɗa hotonta na da da na yanzu, aka sa a rukunin, mata suka yi ta kabbara da tafi. Ni ma na taya ta murna, wallahi. Amma ni difilomata a fannin aikin ɗakin gwaje-gwaje na yi, na kuma yi watanni ina zaman koyon aiki inda ake auna jini. Ba likita ba ne ni, kada wani ya ɗora mini rawanin da ba nawa ba. Iyakata na san abin da ake rubutawa a takardar gwajin kitsen jini, na san kuma yadda ake karanta ta. Sai na ce, "Yaya, ki daure mu je a duba jininki." Ta ce, "Kai dai ba ka rabo da neman magana. Ban taɓa jin daɗin jikina kamar yanzu ba." Sai da na haɗa ta da Inna sannan ta yarda.

Tana da tsohuwar takarda ta shekarar da ta wuce, inda LDL ɗinta yake 3.1. A sabuwar ya haura 6. Ta ɗauki hoton takardar ta tura wa mai kula da rukunin, wadda suke kira Koci. Amsa ta zo ta saƙon murya, ina zaune na ji da kunnena: "Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Wannan maganar kolestarol ƙaryar masu sayar da magani ce. Jikinki ne yake wanke kansa. Ki ci gaba."

Wannan saƙon muryar ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Bari mu fara da sanin abin da ake magana a kai. Jikin mutum suga yake fara ƙonawa, suga kuwa daga abinci mai sitaci yake fitowa, irin su tuwo, shinkafa, doya da burodi. Idan mutum ya rage sitacin da yake ci zuwa ƙasa da giram 50 a rana, abin da malmalar tuwo guda ta kirki za ta iya cinyewa, ajiyar sugan da ke hanta takan ƙare cikin 'yan kwanaki. Daga nan sai hanta ta koma kan kitse, tana sarrafa shi tana fitar da wasu sinadarai da ake kira keton, su ne ƙwaƙwalwa da tsoka za su riƙa ƙonawa. Ɗaya daga cikinsu ne yake sa bakin mai keto ya riƙa wani wari mai kama da na abin goge jan farce. Gurbin da tuwo ya bari kuma da mai ake cike shi, har ya zama kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na ƙarfin da mutum yake samu daga abinci daga kitse ya fito.

Ba don rage ƙiba aka ƙirƙiro wannan tsari ba. A shekarar 1921 wani likita a Amurka mai suna Russell Wilder, na asibitin Mayo, ya ba shi suna ya kuma gabatar da shi a matsayin maganin farfaɗiya, domin an daɗe da lura cewa azumi yana rage yawan faɗuwar masu ita. Aka yi amfani da shi ga yara har zuwa 1938 da aka samu maganin fenitoyin, sai aka rage damuwa da shi. Ya farfaɗo a shekarun 1990, bayan ɗan wani mai shirya fim a Amurka, Jim Abrahams, ya samu sauƙi da shi a asibitin Johns Hopkins. Har gobe ana amfani da shi ga yaran da magani ya gaza a kansu, kuma yana aiki. Amma ku lura da yadda ake yin sa a can: likita na nan, masanin abinci na nan, ana auna abinci da sikeli, ana ɗibar jini lokaci-lokaci. Likitocin asibitin nan da kansu suka wallafa a 2003 cewa sun bi yara 141, bayan wata shida LDL ɗinsu ya tashi sosai. Ba su ɓoye ba, ba su ce ƙarya ce ba. Sun ɗauke shi a matsayin farashin da ake biya don a ceto yaron da yake faɗuwa sau da yawa a rana. Abin da asibiti yake yi da taka-tsantsan shi ne yanzu ake rabawa a waya kamar katin ɗaurin aure.

Zan yi wa keto adalci, don ba na son a ce na zo da ƙiyayya. Yana sa a rage nauyi, musamman a watannin farko. Yana kashe kwaɗayi. Yana sauke sugan jini, yana sauke wani nau'in kitsen jini da ake kira tiraigilisaraid, yana kuma ɗaga HDL. Mai ciwon suga da ya bar lemon kwalba da farin burodi da shinkafa cike da faranti, babu shakka zai ga canji. Sai dai kilo biyu zuwa uku na makon farko, waɗanda ake ta yi wa guɗa, mafi yawansu ruwa ne, domin kowane giram na sugan da jiki ya ajiye yana riƙe da kusan giram uku na ruwa. Idan kuma aka je ga dogon zango, tazarar takan tsuke. A 2018 masu bincike a jami'ar Stanford sun raba mutum 609 gida biyu, wasu suka rage sitaci wasu suka rage mai, aka bi su shekara guda. Na farko suka sauke kimanin kilo 6, na biyu kilo 5.3. Wannan ne bambancin da ake raba aure da tuwo a kansa.

To mene ne LDL ɗin da Koci ta ce ƙarya ne?

Kolestarol ba guba ba ne. Jiki yana buƙatarsa, kuma shi da kansa yake ƙera mafi yawansa. Matsalar ita ce ba ya narkewa a jini, kamar yadda mai ba ya haɗuwa da ruwa, don haka sai an ɗora shi a kan wasu ƙananan ƙwayoyi masu dako. LDL ɗaya ne daga cikin 'yan dakon nan. Idan suka yi yawa a jini, wasunsu sukan kutsa cikin bangon jijiya su maƙale, jiki ya turo dakarunsa, wurin ya kumbura, a hankali ya zama wani tudu mai kama da tsatsar da take toshe bututun ruwa. Wata rana tudun ya fashe, jini ya daskare a kansa, hanya ta rufe. Idan a zuciya ne, bugun zuciya. Idan a ƙwaƙwalwa ne, shanyewar ɓarin jiki. Kuma duk tsawon shekarun da tudun yake girma, babu ciwo, babu zazzaɓi, babu jiri. Shi ya sa "ina jin daɗin jikina" ba hujja ba ce a wannan babin. Mai hawan jini ma daɗin jikinsa yake ji har ranar da zai faɗi a banɗaki.

Hanta tana da wasu ƙugiyoyi da take kamo LDL da su ta fitar da shi daga jini. Kitse mai daskarewa yana rage yawan waɗannan ƙugiyoyi. Idan kana son sanin wane ne kitse mai daskarewa, jira hunturu ka leƙa kicin da asuba. Man shanu ya zama dutse, man kwakwa ya yi fari ya sandare, man ja sai an kai shi wuta, kitsen da ke kan romon jiya ya yi ɓawo. Man gyaɗa kuwa da ƙyar zai yi kauri. A lissafi, man kwakwa fiye da kashi 80 cikin ɗari nasa irin wannan kitsen ne, man shanu fiye da kashi 60, man ja da kitsen sa kusan rabi, man gyaɗa bai kai kashi 20 ba. Yanzu koma ka sake karanta jadawalin yayata. Kamar da gangan aka zauna aka tsinto masu daskarewar.

Ba hasashe nake yi ba. A jami'ar Umeå ta ƙasar Suwidin an ɗauki 'yan mata masu lafiya, marasa ƙiba, aka ciyar da su abincin keto mako huɗu, aka kuma ciyar da su abinci na yau da kullum wasu mako huɗu, don a gwada kowace da kanta. Su 17 suka kammala, aka wallafa sakamakon a 2021. LDL ya tashi a jikin kowace ɗaya daga cikinsu, ba a samu ko guda da ta tsira ba, kuma matsakaicin ƙarin ya kai 1.8 a irin ma'aunin da ɗakunan gwajinmu suke amfani da shi. A mako huɗu kacal. Gaskiya ne ba kowa ne nasa yake tashi haka ba. Mai ƙiba sosai sau da yawa nasa kaɗan yake motsawa, wani ma ya sauka. Waɗanda ba su da ƙiba can, irin yayata, su ne abin ya fi yi wa tsalle. Amma ta yaya za ka san layin da kake ciki in ba ka auna ba? Koci da ido take gane wa?

Sai maganar cewa masu sayar da magani ne suka ƙirƙiro labarin. Ina son wannan hujjar, domin rusa ta ba wuya. A 1913 wani ɗan Rasha, Nikolai Anichkov, ya ciyar da zomaye kolestarol ya ga jijiyoyinsu sun toshe. Babu maganin sitatin a duniya a lokacin, sai bayan shekara saba'in da wani abu aka fara sayar da shi. Akwai kuma mutanen da ake haifa da nakasar ƙugiyoyin hantar nan, kusan mutum ɗaya cikin 250, waɗanda LDL ɗinsu yake sama tun suna yara, kuma zuciya takan kama su da ƙuruciya. Wanda ya gaji nakasar ta wajen uwa da uba duka, yana iya samun bugun zuciya tun bai kai ashirin ba. Gano yadda wannan yake faruwa ne ya ba Michael Brown da Joseph Goldstein kyautar Nobel a 1985.

Ga wadda ta fi burge ni, don ta shafi masu irin fatarmu. A 2006 wasu masu bincike a jihar Texas, Jonathan Cohen da Helen Hobbs da abokan aikinsu, suka duba baƙaƙen fata 3,363 a Amurka da aka bi tsawon shekara 15. Sai suka tarar kashi 2.6 cikin ɗari nasu Allah Ya halicce su da wani canji a ƙwayar gado da ake kira PCSK9, wanda ya sa LDL ɗinsu ya gaza na sauran da kashi 28 cikin ɗari tun daga haihuwa. Haɗarin ciwon jijiyoyin zuciya a wajensu ya gaza na sauran da kashi 88 cikin ɗari. Waɗannan mutanen ba su sayi ƙwaya ko ɗaya ba. Wane kamfani ne ya biya su? Idan aka zo kan maganin ma, gwaje-gwajen da aka tattara na mutane fiye da dubu ɗari sun nuna duk lokacin da aka sauke LDL da 1, haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Zomo, gado, magani, duk hanya ɗaya suka nuna. Yayata kuwa da 3 nata ya ƙaru.

Na san amsar da za a ba ni, don na sha karanta ta. Za a ce ai HDL, "mai kyau", shi ma ya tashi, don haka an yi canjaras. An taɓa tunanin haka. Har magani aka ƙera mai suna torcetrapib, wanda ya ɗaga HDL da fiye da kashi 70 cikin ɗari, amma a ƙarshen 2006 aka dakatar da gwajinsa saboda masu shan sa sun fi mutuwa. Wasu magungunan masu ɗaga HDL da suka biyo baya ba su kashe mutane haka ba, amma ɗaga HDL ɗin bai zama garkuwar da aka zata ba. Za a kuma ce LDL ɗin mai keto manya ne masu laushi, ƙanana ne suke da illa. 'Yan matan Suwidin nan manyan da ƙananan duka suka ƙaru a jininsu, yawan 'yan dakon gaba ɗaya ya ƙaru. Kuma masu nakasar gadon da na ambata, LDL ɗinsu yawanci manya ne, bai hana su mutuwa da ƙuruciya ba.

Hujjar da ta fi shiga ran mutanenmu ita ce ta Fulani. Wani zai ce kakanninmu da man shanu suka rayu, dubi Bafulatanin daji, nono da mai ne abincinsa, ka taɓa jin zuciyarsa ta buga? Wannan maganar akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, kuma an bincika. A 2001 Robert Glew da abokan aikinsa suka wallafa binciken da suka yi kan Fulani makiyaya a tsaunukan Jos. Sun tarar abincinsu yana da mai sosai, da yawansa mai daskarewa, amma kitsen jininsu lafiya lau. Dalilan da masu binciken suka kawo su ne Fulanin ba sa cin abinci da yawa, ba su da ƙiba, kuma yini suke suna tafiya. Sannan wa ya ce Bafulatani keto yake yi? Da me ake dama nonon? Da fura, fura kuwa gero ce. Mutumin da yake bin shanu tun hantsi har faɗuwar rana, ya sha fura da nono ya ci tuwon masara, ba shi ne hujjar matar da take zaune a falo tana narka man shanu a kofi ba. Masu keto na ƙasashen waje kuma Masai na Kenya da Tanzaniya suke kafa hujja da su. To George Mann, wanda ya fi kowa yayata lafiyar zuciyar Masai, shi ne a 1972 ya wallafa sakamakon binciken zukatan gawarwakin mazajensu 50, ya tarar jijiyoyinsu sun yi tudun nan sosai, sai dai jijiyoyin suna da faɗi, abin da ya danganta da yawan motsa jikinsu. Wannan ɓangaren ba a cika sa shi a jadawali ba.

Akwai abu guda da zan ba su gaskiya a kai ɗari bisa ɗari. A 2016 an bankaɗo takardun da suka nuna cewa a shekarun 1960 masana'antar suga ta Amurka ta biya wasu malaman jami'ar Harvard kuɗi suka rubuta sharhin da ya sassauta wa suga ya ɗora laifi kan mai. An yi wannan, abin kunya ne. Amma don an kama ɓarawo ɗaya a unguwa ba ya nufin na biyun waliyyi ne. Suga mai yawa yana da illa, kitse mai daskarewa mai yawa yana da illa, jijiya ɗaya suke haɗuwa a ciki.

Wani abin dariya mai ban tsoro: ɗaya daga cikin fitattun masu kare keto, Nick Norwitz, wanda a lokacin ɗalibin likitanci ne a Harvard, LDL ɗinsa ya kai 384 a ma'aunin Amurka, wato kusan 10 a namu. Sai ya riƙa cin biskit ɗin Oreo guda 12 kullum har kwana 16, ya sauka zuwa 111. Ya wallafa wannan a 2024. Shi da abokansa suna ganin wataƙila irin wannan tashin ba shi da illa ga marasa ƙiba masu lafiya, kuma suna kan bincike. Madalla, su bincika. Amma abin da gwajin nasa ya tabbatar shi ne tsarin abincin ne yake ɗaga LDL, dawo da sitaci kuma yana sauke shi. Shi yana Boston, kewaye da na'urorin da za su leƙa jijiyoyin zuciyarsa duk lokacin da ya so. Ya zaɓi ya yi caca da jikinsa ido buɗe. Yayata ba ta san ma an zauna teburin caca da ita ba.

Game da dogon lokaci, abin da ake da shi ba ya kwantar da hankali. Wasu masu bincike daga Kanada sun duba bayanan mutanen Birtaniya, suka ware 305 masu cin abinci mai ƙarancin sitaci da yawan mai, suka gwada su da 1,220 masu cin abinci na kowa da kowa. Bayan kusan shekara 12, kashi 9.8 cikin ɗari na rukunin farko sun gamu da matsalar zuciya ko ta jijiyoyin jini, a rukuni na biyu kashi 4.3. Wannan binciken yana da rauni, zan faɗa da bakina kafin a faɗa mini: tambayar mutane aka yi abin da suka ci, ba raba su aka yi aka ciyar da su ba, kuma ba dukansu ne suke cikakken keto ba. Amma nauyin kawo hujja a kan wa yake? A kan mai cewa a zubar da ilimin shekara ɗari ne. A 2023 Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta auna shahararrun tsare-tsaren abinci guda goma da ma'aunin lafiyar zuciya. Tsarin DASH, wanda aka tsara don masu hawan jini, ya samu maki 100. Keto ya zo na ƙarshe da 31.

Yanzu ku dawo da hankalinku gida. Baturen da yake keto yana iya sayen man zaitun, kifin teku, fiya da 'ya'yan itatuwa masu mai irin su almon. A nan kwalbar man zaitun ta gaske ta fi ƙarfin yawancinmu, don haka keto ɗinmu a kan man ja, man shanu, kitse da ƙwai yake ƙarewa. Sannan an kori wake, an kori gero da dawa masu dusa, alhali abin nan da ba ya narkewa a ciki, wanda ake kira faiba, yana cikin abubuwan da suke taimakawa wajen fitar da kolestarol ta bayan gida. An ƙara mai ɗagawa, an cire mai saukewa. A kan mutanen da hawan jini ya riga ya yi wa katutu, waɗanda kusan kowane gida akwai wanda ɓarin jikinsa ya shanye. Kuma rukunin yayata akwai masu ciwon suga a ciki. Mai shan gilibenkilamaid ko mai allurar insulin da ya yanke sitaci dare ɗaya ba tare da an rage masa magani ba, sugansa yana iya faɗuwa ya sume. Masu shan sababbin magungunan nan da suke fitar da suga ta fitsari kuma, keto yana iya jefa jininsu cikin tsami mai kisa ko da na'ura tana nuna suga daidai. Ban ga inda aka tambayi kowa maganin da yake sha ba kafin a karɓi kuɗin shigarsa.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A wannan harkar ba haka ba ne. Koci ta karɓi kuɗinta yau, ta samu hoton talla yau. Tudun da yake taruwa a jijiya sai bayan shekara goma ko ashirin zai yi magana, lokacin rukunin ya watse, lambar ta canza, kuma babu wanda zai haɗa faɗuwar Hajiya da kofin man shanun da ta sha tana da shekara talatin da shida. Za a ce kwana ne ya ƙare. Wannan ne ya sa sana'ar take da daɗi: ribar a fili take, asarar a ɓoye, kuma a jikin wani.

Ban ce a rufe rukunonin nan ba, ban ce kowa ya koma malmala uku ba. Abin da nake nema ba shi da tsada. Duk mai karɓar kuɗin mutane da sunan keto ya wajabta musu gwajin kitsen jini kafin su fara, su maimaita bayan wata biyu zuwa uku. Ya tambaye su ciwon da suke da shi da maganin da suke sha, da ko wani a gidansu ya taɓa mutuwar fuju'a da ƙuruciya. Wanda LDL ɗinsa ya kai 4.9, wato 190 a ɗaya ma'aunin, a tura shi wajen likita, don a nan ne ƙa'idojin likitocin zuciya suke cewa a ɗauki mataki ko da mutum ba shi da wata matsalar. Idan an ce rage nauyi ne ya ɗaga shi na ɗan lokaci, to a sake aunawa a gani, kada a yi fatawa da saƙon murya. Kuma duk hoton "da" da "yanzu" da za a sa, a sa takardar jini ta da da ta yanzu a gefensa. In tsarin yana da kyau kamar yadda ake faɗa, me ake tsoro?

Rage sitaci ma ba dole sai da kitsen sa ba. A Toronto, David Jenkins, mutumin da ya fito da ma'aunin yadda abinci yake ɗaga suga, ya gwada wani tsari mai ƙarancin sitaci da aka gina kan waken suya, gyaɗa da danginta da man tsirrai, aka wallafa a 2009, kuma LDL sauka ya yi. Kayan wannan tsarin a bakin titinmu suke: awara, gyaɗa, riɗi, ƙuli-ƙuli, kifi, zogale, kuɓewa, alayyahu, man gyaɗa. Babu mai tallata su don babu wanda zai biya kuɗin rajista a ce masa ya ci kwaɗon zogale.

Da ƙyar Yaya ta yarda muka je wajen likita. Bai yi mata faɗa ba. Ya duba takardun biyu, ya tambayi abin da take ci, ya ce ta ajiye man shanu da man kwakwa da fatar kaza, ta dawo da wake da 'ya'yan itatuwa da tuwo ɗan daidai, ta ci gaba da guje wa lemon kwalba, ta dawo bayan wata uku kafin a yi maganar magani. Da ta rubuta haka a rukunin, aka goge saƙon, aka ce tana karya wa mutane gwiwa. Washegari aka cire ta. Hotonta kuwa har yanzu yana cikin tallarsu.

Ta ƙara kilo biyu, kuma duk ranar da ta hau sikeli sai ta kira ni ta ce, "Ka gani ko? Kai ka ja mini." Ranar Litinin ta sama za mu koma a ɗebi jinin. Ni zan biya kuɗin gwajin, haka muka yi da ita.